Fitilar Goshi: Mai Batir Ko Mai Caji?

Tambaya: Ni manomin rani ne, kuma da daddare nake ban ruwa. Ina son sayen fitilar goshi don hannuwana su samu sararin aiki. Shin mai ƙananan batura uku ta fi, ko mai caji? Daga mai karatu a Kura.

Amsa: Malam, ga wanda yake kunna fitila kowane dare, mai caji ta fi sauƙi ga aljihu. Ƙananan baturan AAA suna fara aiki da ƙarfin bolt 1.5 kowanne, amma ƙarfin yana raguwa sannu a hankali, shi ya sa za ka ga hasken ya dushe tun kafin su mutu, kuma idan suka daɗe a ciki sukan zubo da farin gari mai cinye ƙarfen fitilar.

Ni dai na fi son mai batirin litiyam samfurin 18650, wanda ƙarfinsa bolt 3.7 ne, domin guda ɗaya mai kyau yana ɗauke da wutar da ta ninka ta ƙananan ukun fiye da sau biyu. Sai dai a yi hattara da jabu: na gaskiya ba ya wuce mAh 3,500 da yawa (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), don haka wanda aka rubuta wa 9,900 yaudara ce tsagwaronta, kuma da ka ɗaga shi za ka ji shi sakayau.

Zafi yana rage wa batirin litiyam kwana, saboda haka kada ka bar shi cikin rana. A bakin kwalbati kuwa matsakaicin haske ya ishe ka, kuma zai kai ka asuba.