Tambayi Likita: Wai maleriya tana zama kansa a jikin yara?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Yaron maƙwabciyata ne ɗan shekara 6, gefen fuskarsa ya kumbura aka ɗauka hangum ne, daga baya haƙoransa suka fara girgiɗa, da aka je asibiti wai kansa ce kuma tana da alaƙa da maleriya. Ni fa hankalina ya tashi, don yarana duk damina sai sun kwanta. Gaskiya ne? Kuma tana da yawa haka? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Yadda kika bayyana ɗin nan ya yi kama da Burkitt lymphoma, kansar ƙwayoyin garkuwar jiki. Sunan wani likita ne ɗan Ailan, Denis Burkitt, da ya bayyana ta a 1958 bayan ya yi ta ganin yara masu kumburin muƙamuƙi a Uganda, da ya bi diddigi sai ya ga tana bin wurare masu zafi da ruwan sama, wato dai inda sauro yake, a kan tsaunuka masu sanyi kuwa da wuya ka gan ta. Haka take a Papua New Guinea ma, wata ƙasa mai zafi kusa da Ostareliya.

Maganar yawa kuma sai a yi hattara. A tsakiyar Afirka inda maleriya ba ta yankewa, ita ce kansar da ta fi kama yara, a wasu wuraren har kusan rabin kansar yara ita ce. Amma kansar yara ita kanta ba ta da yawa, a shekara yara ƙalilan ne cikin 100,000 suke kamuwa. Kin ga kenan kusan duk yaran da ke shan maleriya ba za su taɓa samunta ba.

Kuma maleriyar ba rikiɗa take ta koma kansa ba. Akwai wani bairos, Epstein-Barr, wanda a jikin wannan kansar aka fara gano shi a 1964, kusan kowa yana ɗauke da shi tun yarinta yana kwance abinsa. To maleriya idan ta yi ta maimaituwa sai ta raunana garkuwar da ke danne shi, ta kuma sa ƙwayoyin garkuwar jikin su yi ta hayayyafa har a samu kuskuren da zai mai da su kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri. Kansar nan gudu gare ta, cikin kwana ɗaya zuwa biyu tana iya ninkawa, ga iyaye kuma ana ta shafe-shafe ko a ce a cire haƙori. Alhali tana jin maganin kemo, wato alluran da ke kashe ƙwayoyin kansa, sosai, a ƙasashen da ake kama ta da wuri kusan yara 9 cikin 10 suna warkewa. Ki lallashi maƙwabciyarki kada ta yanke allurar don ta ga kumburin ya saɓe, a nan ake yawan yin asara. Naki yaran kuma gidan sauro, da gwaji da zarar zazzaɓi ya zo, in kin ga kumburi a fuska ko ciki yana ƙaruwa cikin kwanaki ko da ba ya ciwo, a wuce asibiti.