Amsa ga ɗan koyo kan haɗewar harsunan wuta a murhun gas

Ɗana, ka tambayi dalilin da ya sa kan murhun da ka yi wa ƙarin huji domin ya ƙara wuta ya koma fitar da dogon harshe ɗaya mai launin rawaya da ke baƙanta gindin tukunya, alhali na kamfani yana fitar da ƙananan harsuna masu launin shuɗi, kowanne a tsaye a kan hujinsa. Amsar tana cikin ɗan filin da ke tsakanin huji da huji, wanda ka ɗauka ƙarfe ne kawai da ba ya aikin komai.

Gas ɗin girki, wato haɗin butan da furofan, yana buƙatar iska mai yawa kafin ya ƙone sarai. Idan aka auna ta girman wurin da suke cikewa, awo ɗaya na furofan yana cin kimanin awo 24 na iska, butan kuwa kimanin 31, domin oksijin bai wuce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa ba. Wani kaso na wannan iska yana shiga tun daga ƙasa, inda gas ke fitowa da ƙarfi daga nozul, wato ɗan ƙaramin bakin da ke feso shi, ya jawo ta ta tagar bututu su gauraya, dabarar da ta shahara da sunan Robert Bunsen na Jamus tun wajajen 1855. Ragowar kuwa, kowane harshe da kansa yake jawo ta daga gefensa, kuma wannan fili da ka cike da huji shi ne hanyar da take bi.

Idan harsuna biyu suka kusanci juna, zafinsu yana ɗaga iskar da ke tsakaninsu zuwa sama cikin saurin da sabuwa ba ta iya maye gurbinta, sai iskar da ke waje ta tura su su karkato wa juna. Kunna kyandir biyu a inda babu kaɗawar iska, ka riƙa matso da su sannu a hankali. Za ka ga kawunan harsunan sun fara sunkuyo wa juna tun lagwanin bai taɓa lagwani ba, sannan su manne, kuma da zarar sun haɗe harshen zai miƙe ya fi kowannensu tsawo. Tsawon nan alamar ƙarancin iska ce, domin gas ɗin da ke tsakiya ba ya samun oksijin sai ya hau sama sosai. A kan hanyarsa yana fashewa ya bar ƙananan ɓurɓushin baƙi, waɗanda ke yin haske rawaya saboda zafi, su ne kuma ke mannewa a tukunya. Abin da ya fi damuna shi ne irin wannan ƙuna tana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, kuma tana iya kashe mutum a rufaffen ɗakin girki. Mai murhu zai ga doguwar wuta ya yaba maka, amma kai da ka san aikin bai halatta ka miƙa masa ita ba.

Nisanta hujin ma yana da tasa illar. Ƙananan harsuna suna ɗumama juna, kuma ta kusancinsu wuta ke tsallakawa daga huji zuwa huji har ta zagaye kan murhu. Idan suka yi nisa, gefe ɗaya zai kama, ɗayan yana tsiyayar gas, sai ya taru ya tashi da ƙara a fuskar mai girki.

Saboda haka ka gwada kowane kai a matakai uku kafin ya bar shagon nan. Rage gas ƙasa ka kunna daga gefe ɗaya, wutar ta zagaye nan take. Buɗe shi sosai, ka tabbatar kana iya ganin gindin kowane harshe daban. Daga nan ka ɗora tukunya da ruwa ka leƙa ƙarƙashinta, domin tukunya tana rage iska, kuma kan da ya yi shuɗi a fili yana iya komawa rawaya idan aka ɗora masa ita. Idan na kamfani ne ya yi rawaya, fara duba maiƙo a cikin hujin da yanar gizo-gizo a cikin bututu, ka goge da siririyar waya ba tare da ka faɗaɗa huji ba. Wanda ka huda kuwa ba ya gyaruwa, ka cire shi ka sanya sabo daidai da girman nozul ɗin murhun.