Na iya iyo a tabki, shin zan iya shiga teku a Sao Tome?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Damagaram ne daga unguwar Birni, kuma tun ina yaro nake iyo a tabki lokacin damina. Aiki zai kai ni Sao Tome, wani tsibiri a tekun Atlantika daura da Gabon, ina son in ƙara kwana huɗu in je kudancin tsibirin in yi iyo, in gwada hawan igiyar ruwa da allo, in kuma shiga daji da ƙafa. Me zan shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Iyon da ka koya zai yi maka amfani, amma shi ne kuma abin da ya fi ba mu tsoro, domin wanda ya saba da tabki yakan shiga teku da ƙarfin gwiwar da bai dace ba. Ruwan tabki a kwance yake. Na teku yana tafiya, yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kusan sa'a shida tsakanin cika da janyewa. Wurin da ka tsaya ruwa iya gwiwa da hantsi, da azahar zai iya shanye ka.

Abin da ya fi cin masu iyo shi ne hanyar komawar ruwa. Igiyoyi suna tura ruwa gaɓa, ruwan ya taru, sai ya sami wani ɗan kwararo tsakanin tudun yashi ko gefen duwatsu ya koma teku da gudu. Daga gaɓa wurin yakan yi kama da mafi lafiya: babu farin kumfa, ruwan ya ɗan fi duhu, wani lokaci ka ga ganye ko tarkace suna tafiya ciki. Nan baƙo yake zaɓa, nan kuma yake ɓata. Idan ka ji yana jan ka, kada ka nufi gaɓa kai tsaye, ƙarfinka zai ƙare ba ka matsa ba. Ruwan ba ƙasa yake jan mutum ba, waje yake kai shi. Ka kwanta rigingine ka huta, gishirin teku (kusan giram 35 a kowace lita) zai taimaka maka ka yi sama fiye da yadda ka saba. Sai ka yi iyo a gicciye, gaɓa tana gefenka, har ka ji jan ya sake ka, sannan ka bi igiya ka fito. In ka gaji, ɗaga hannu ɗaya ka yi kira. A bakin ruwan kudu kamar Praia Jalé kada ka sa ran mai ceto, saboda haka kada ka shiga kai kaɗai, kuma ka tambayi masunta kafin ka jiƙa ƙafa. Su suka san inda ruwa yake ja a ranar.

Hawan igiya kuwa, a Santana ya fi kyau ka fara, kusa da babban birni, inda samarin gari suke yi suna kuma koyarwa. Ka nemi allo mai laushi na soso, dogo kamar mita biyu da rabi, ba gajeren nan na ƙwararru ba. Ka ɗaura igiyar allon a idon sawun ƙafar da za ta kasance baya. Kwanan farko cikin farin kumfa za ka tsaya, ruwa iya ƙugu. Kada allo ya shiga tsakaninka da igiya mai zuwa, zai doke ka a fuska. In za ka faɗi, ka faɗi a shimfiɗe, ka fito da hannu a kan kai, domin ƙasan akwai baƙaƙen duwatsun aman wuta da bushiyar teku mai ƙaya. Takalmin roba mai kama ƙafa yana maganin wannan.

Tafiyar daji ba ta yi kama da hawan duwatsun Birni ba. Zafinmu busasshe ne, gumi yana fita yana bushewa. Can iska a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, mutum ya galabaita bai ankara ba. Ɗauki ruwa lita biyu zuwa uku na yini, da ƙunshin gishiri da sukari irin na asibiti. Da kwana huɗu, manta da hawan dutsen Pico de São Tomé mai tsawon mita 2,024, yawanci kwana biyu ake yi. Hanyar zuwa tabkin Lagoa Amélia daga lambun Bom Sucesso cikin gandun dajin Obô ta ishe ka, rabin yini ce. Ka ɗauki ɗan jagora, ka sa dogon wando da takalmi mai haƙora don santsin laka, akwai kuma baƙar gamsheƙa a dajin. Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe shida duk shekara, agogonsu kuma yana bayan namu da sa'a ɗaya, sai ka fita bayan asuba.

In kana da zaɓin lokaci, Yuni zuwa Satumba ne ranin su, suna ce masa gravana. Daga kusa da Porto Alegre ake shiga kwalekwale zuwa ɗan tsibirin Rolas, inda layin da ya raba duniya biyu ya ratsa. Kada ka hau sai an ba ka rigar ceto.

Kafin ka bar Yamai ka tabbatar katin rigakafin shawara yana hannunka, ka ga likita kan maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro. Sefa ba ta aiki can, kuɗinsu dobra ne, dobra 24.5 a kan yuro ɗaya, kuma ka riƙe tsabar kuɗi domin a ƙauyukan kudu kati ba abin dogara ba ne. Fotugis suke ji, faransanci zai ɗan fitar da kai. Yawancin mutanen Kirista ne, saboda haka kifi da ayaba da shinkafa su ne abincinka mafi sauƙi, ka riƙa tambayar abin da aka sa a miya. Alƙibla daga can arewa maso gabas take.