Shiga jirgin ruwa mai tafiya da iska a matsayin ɗan koyo

Ɗan'uwa, ka ce daga Fagge kake, ruwan da ka sani bai wuce dam ɗin Tiga ba, kana tambaya ko masu manyan jiragen ruwa masu tafiya da iska za su karɓe ka a matsayin ɗan koyo. Za su karɓe ka. Irin waɗannan jiragen ba sa neman ƙwarewa, kai ne ma za ka biya kuɗin makwanci da abinci, su koya maka aikin. Akwai jirgin Statsraad Lehmkuhl na birnin Bergen a Norwe, wanda aka ƙera a 1914, da jirgin Europa na ƙasar Holan.

Amma fa ba yawon shaƙatawa ba ne. Ana raba mutane rukuni-rukuni, galibi awa 4 a bakin aiki, awa 8 hutu, dare da rana. Za ka ja igiya har tafin hannunka ya yi kanta, ka riƙe sitiyari, ka yi gadi cikin sanyin da ya fi na hunturu. Kwanakin farko jiri da amai sun fi komai wahala, ka tafi da magani.

Shawarata, ka fara da gajeriyar tafiya. Ka nemi bizar Shengen, wato bizar shiga ƙasashen Turai irin su Norwe da Holan, da wuri, sannan ka rubuto musu batun abincin halal da lokutan sallah tun kafin ka biya ko sisi.