Waya goma, adireshi ɗaya?

Tambaya: Malam barka da aiki, ina da shagon caji a ƙauyenmu wajen Gumel, na sa rauta, wato na'urar raba intanet, samari na hawa, sai muka ga duk IP ɗinmu, wato adireshinmu, ɗaya ne a intanet, to ya akai saƙon wani baya faɗawa wayar wani?

Amsa: Ɗan'uwa aikin NAT kenan, wato dabarar sauya adireshi da rauta ke yi. Rauta na ba kowace waya adireshin cikin gida irin 192.168.0.5 wanda baya aiki a waje, in saƙo zai fita sai ta cire shi ta sa nata, ta maƙala masa wata lambar shaida daban da ake kira fot ta rubuta ta ajiye, amsa na dawowa ta duba lambar ta miƙa wa mai ita, kamar dai lambar da kake liƙa wa wayoyin caji. Adireshin IPv4, wato wannan tsarin adireshin na intanet, wajen biliyan 4.3 ne kacal, sun yi wa duniya kaɗan, shi yasa ake wannan dabarar.