Yaya ƙwayar T ke gane cutar da ta ɓuya a cikin tantanin jiki?

Tambaya: Ni ɗalibin kimiyyar lafiya ne. An koya mana cewa bairos yana shiga tantanin jiki ya ɓuya. To ta yaya ƙwayoyin T na garkuwar jiki ke sanin tantanin da ya kamu, alhali ba sa shiga ciki?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙwayar T ba ta ganin bairos ɗin kansa. Tantanin da ya kamu ne ke tona asiri. Kusan kowane tantani yana daddatsa wani kaso na furotin ɗin da ke cikinsa, ya ɗora guntayen a kan wani furotin mai suna MHC, wanda a jikin mutum ake kira HLA, ya fito da su waje kamar kayan talla a faranti. Idan bairos na ciki, guntayensa ma sai sun hau farantin.

Saman MHC kamar kunya biyu ne da kwari a tsakani, guntun furotin yana kwance a kwarin. A MHC aji na ɗaya bakin kwarin a toshe yake ta ɓangarori biyu, don haka guntu mai amino asid (tubalan ginin furotin) 8 zuwa 10 yake ɗauka, ƙwayoyin T masu ɗauke da furotin CD8 ke duba shi. Aji na biyu a buɗe yake, yana ɗaukar 13 zuwa 25 daga abin da tantani ya haɗiyo, na ƙwayoyin T masu ɗauke da furotin CD4 ne.

Abin da ke dubawar shi ne TCR, furotin da ke jikin ƙwayar T mai silsila biyu, alfa da beta, kowacce da madaukai uku a kanta, CDR1, CDR2 da CDR3. Yana sauka a kan MHC a karkace. Madaukan CDR1 da CDR2 galibi kunyoyin suke dafawa, CDR3 guda biyu da ke tsakiya su ke taɓa guntun. Wato faranti da kaya yake karantawa tare, abin da Zinkernagel da Doherty suka gano a Kanbera ta Ostareliya a 1974, ya ba su kyautar Nobel a 1996. CDR3 kuwa ta kowace ƙwaya daban ce, domin furotin RAG1 da RAG2 suna yanka sassan gadon halitta V, D da J su haɗa, wani furotin mai suna TdT ya cusa ƙarin haruffan gado a mahaɗar ba tsari. Daga baya glandin taimos, inda ƙwayoyin T ke girma, ya kashe waɗanda ke kama kayan jiki da ƙarfi.

Inda ɗalibai suka fi kuskure shi ne zaton riƙon mai ƙarfi ne. A'a, sako-sako ne, sau da yawa ya gaza na antibodi ninki dubu, kuma cikin daƙiƙoƙi yake saki. Tsawon zaman ne ke yanke hukunci. Yayin da TCR ke riƙe, CD4 ko CD8 yana jawo furotin Lck ya liƙa fosfet a wutsiyoyin CD3, furotin da ke haɗe da TCR, masu gurabe goma da ake kira ITAM, sannan furotin ZAP-70 ya zo ya zauna, saƙo ya wuce ciki. Idan guntun na jiki ne, TCR yana saki kafin matakan su cika, a goge fosfet ɗin. Na baƙo yana daɗewa kaɗan, kuma ƙasa da goma a kan tantani sun isa tayar da ƙwayar T.

A nan matsala take shigowa. HIV kan canza amino asid ɗaya, guntun ya daina zama a kwarin ko CDR3 ta kasa gane shi. Haka kuma TCR ɗaya yana iya kama guntaye masu kama da juna: a 2013 an ba da rahoton majinyata biyu masu ciwon daji da suka rasu a Amurka, bayan an yi musu magani da TCR da aka ƙara wa ƙarfi don ya kama MAGE-A3, furotin da ke tantanin ciwon daji, sai ya kama guntun wani furotin na tsokar zuciya mai suna titin. Irin farantin da mutum ya gada ma yana da tasiri. Binciken Adrian Hill a Gambiya a 1991 ya nuna yara masu HLA-B53, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.