Amsa: Me ke cinye wuta a manyan masana'antun batir?

Malam, ka tambayi abin da ya fi shan lantarki a irin waɗannan masana'antu da inda za a iya ragewa. Amsar a taƙaice: busarwa.

Sinadaran batirin litiyam ba sa ga-maciji da danshi, don haka ana haɗa shi a ɗakunan da aka tsotse laimar iskarsu, har raɓa ba ta sauka sai sanyi ya kai wajen digiri 40 ƙasa da sifili. Na'urorin tsotsar ba sa hutawa dare da rana, kuma numfashin kowane ma'aikaci ƙarin aiki ne gare su. Shi ya sa a ganina dabarar da ta fi ita ce a killace injin kaɗai, maimakon a busar da makeken zaure.

Sai tandun busar da kwaɓin sinadaran batir da ake shafa wa fallen aluminiyam. Zafin da ke fita daga ciki ana iya juya shi ya ɗumama wani sashe. Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ma ta sayi kamfanin Maxwell a 2019 saboda fasahar shafa garin sinadaran a bushe, ba sai an kwaɓa an busar ba.

Wajen cajin farko kuma, inda ake caja sabon batir a kuma sauke wutarsa a masana'anta, wutar da batir ya sauke a tura ta ga na kusa da shi, kada ta tafi a banza. Sola a rufi? Yana taimakawa, amma bai isa ya riƙe masana'antar ba.